Tsofaffin Tsirkiyoyi da Muryar Takwararki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwar ƙani zuwa ga wadda ta goya shi har bayanta ya san nauyinsa. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinku. Yaya gwiwar taki? Ƙanwarki, mai ɗakina, ta gaya mini har yanzu kina taka keken ɗinki da ita, duk da likita ya ce ki saurara. Na san ba ji za ki yi ba, don tun muna yara ban ga wanda ya taɓa hana ki abin da kika sa gaba ba. Amma dai ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin tashi daga aiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki tsawon rai mai amfani, ya bar mana ke.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Rufin ɗakin tsakiya da yake yoyo an gyara shi, yanzu ruwan ya koma zuba ta wajen taga, ƙanwarki ta ce ko ba komai mun samu canji. Baffa ya karɓo haƙoran robar da aka auna masa, amma ba ya saka su sai in baƙi sun zo, in sun tafi ya cire ya mayar cikin kofi ya ce kada su tsufa. Inna tana nan da ƙarfinta, kullum sai ta tambayi yaushe za ki zo, in na ce hanya da nisa ta ce ai ba a kanki aka fara nisa ba. Matar ɗan'uwanmu Dogo ta sauka lafiya, an samu mace, uwa da ɗiya suna cikin ƙoshin lafiya. Duk suna gaishe ki.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubuta wasiƙa tun waya ba ta shiga hannun kowa ba. Ranar da muka yi magana kin tambaye ni me ya sami ɗiyata, takwararki. Kin ce yarinyar da kika sani ba ta iya wanke kofi ɗaya ba tare da ta rera wani abu ba, ga ta a gidanki tana wanke-wanke shiru kamar an aike ta gidan makoki. Na ce miki gajiyar jarrabawa ce. Ba gajiyar jarrabawa ba ce, Yaya. Na buɗe baki zan gaya miki gaskiya sai na ji muryar Malam kusa da ke yana tambaya ko ni ne, na fasa. Na san ita ba za ta faɗa miki ba, ba ta iya kai ƙarar ubanta ba ko da wurin gwaggonta ne. To ni zan kawo ƙarar kaina, ki yi haƙuri da tsawonta.

Kin san inda nake aiki, ɗakin cin abinci na otal ɗin nan da na daɗe ina kaɗa wa baƙi jita suna ci suna hira, rabinsu ba su ma san da mu ba. Mu huɗu ne a ɗan dandamalin da ke kusa da ƙofar kicin. Akwai Gajere mai ganga, da mai fiyano da muke kira Farfesa saboda tabaraunsa, da mai waƙa, sai ni. Can bayan ɗakin kuma akwai Injiniya mai kula da lasifika. Ni ne babbansu, ni na ɗauko kowannensu aiki, ba mai kiran sunana sai dai Maigida. Jitar kuwa ita ce dai wadda kika sani. Tsirkiyoyinta shida ne, na ƙarfe, kuma abu ne da ake sauyawa lokaci zuwa lokaci kamar yadda kike sauya allurar keke. Ni kuwa na daɗe da ɗaukar wata ɗabi'a, ba na sauya tsirkiya sai ta tsinke, in ma ta tsinke ita kaɗai nake sauyawa in bar sauran. Ina son muryar tsohuwar tsirkiya, tana da laushi, ba ta da ƙarar nan ta sabon ƙarfe mai shiga kunne. Har alfahari nake yi wa samarin makaɗa cewa hannuna ba ya cin tsirkiya. Kullum kafin mu fara ina maƙala wata ƴar na'ura a kan jitar, in taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, in murɗa kunnen kowacce har fitilar na'urar ta nuna kore. In ta nuna kore, to an saitu, ba wanda ya isa ya ce mini komai.

Sai mai waƙarmu ta bar aiki, an yi wa mijinta canjin wuri ta bi shi. Manaja ya ce in nemo wata. Takwararki ta gama jarrabawa tana zaune a gida tana jiran sakamako, ita ce ta same ni da kanta tana murza gefen mayafinta, ta ce ko zan bari a gwada ta. Uwarta ma ta sa baki. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya kama ni har na kasa cin abinci sosai, ina ta hango kaina a dandamali ɗiyata a gefena. Muka zaɓi wata waƙa mai sanyi wadda ake buɗewa da jita da murya kawai, sai can tsakiya jita ta yi shiru ta miƙa wa fiyano. Da yake muryarta siririya ce mai hawa sama, dole na bar inda na saba kaɗawa, wato can ƙarshen wuyan jitar kusa da kunnuwa, na gangaro tsakiyar wuya inda sauti ya fi tsini. Yawancin shirinta da kiɗan Farfesa ta yi, ya ɗaukar mata a waya tana bi a ɗaki. Da ni kuwa zama ɗaya muka yi a tsakar gida da hantsi. Muna cikin yi ta tsaya, ta ce a hankali, idonta a ƙasa, kamar sautin jitar yana ɗan karkacewa a wurin nan. Na yi dariya. Na ce mata jitar nan ta girme ta, ta je ta kula da numfashinta. Ta ce to.

Ranar gwaji da rana tsaka ne, kafin a buɗe wa baƙi. Kujeru duk an kife su a kan tebura, ƙasa da danshin ruwan sabulu, masu dafa abinci sun leƙo ta ƙofar kicin da hulunansu don sun ji ɗiyar Maigida ce za ta yi waƙa. Manaja ya sauke kujera ɗaya ya zauna yana wasa da makullansa. Ita kuwa ta sa shuɗiyar rigar nan da kika ɗinka mata. Na fara kaɗawa, ta shigo, layin farko ya wuce lafiya. Muna kaiwa inda muryar ke hawa, sai murya da jita suka ƙi juna, wani irin sauti mai sa haƙori tsami. Gajere ya sunkuyar da kai. Manaja ya daina kaɗa makullai. Na tsaya, na maƙala na'urar, na taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk kore, har na juya jitar yadda manaja zai gani da idonsa, na ce ga shi nan kowa ya shaida, ba daga wurina ba ne. Muka sake, aka sake samun abin a daidai wurin. Na ɗaga murya na ce ta buɗe kunne ta saurari jita, ba ita kaɗai ce a ɗakin ba. A karo na ƙarshe sai ga shi mun tafi tare sumul, har na fara ɗaga kai ina kallon mutane. Amma da jita ta yi shiru fiyano ta shigo, sai murya ta tsinci kanta a gefe guda fiyano a gefe guda, ta yi ta lalube tana neman wurin tsayawa, sannan ta yi shiru.

Yaya, ga abin da na faɗa a wurin nan. Na ajiye jitar na ce rera waƙa a bakin famfo daban, waƙa a gaban mutane daban. Na ce murya kam Allah ya ba ta, amma kunne bai ba ta ba, kuma kunne ba a koya wa mutum shi. Sannan na juya na ba manaja haƙuri da na ɓata masa lokaci, na ce son ɗa ne ya rufe mini ido. Kunya ce ta kama ni a gaban mai ba ni aiki, na rasa inda zan sauke ta sai a kan wadda na san ba za ta mayar mini ba. Ba ta yi kuka ba. Ta cire makirfo, ta naɗe wayarsa tsaf yadda take ganin muna yi, ta miƙa wa Injiniya da hannu biyu, ta rusuna ta gode wa manaja, ta fita ta ƙofar kicin. Masu dafa abinci suka dare suka ba ta hanya, ba wanda ya kalle ni.

A gida ba ta canza mini fuska ba. Ita ta kawo mini ruwa da na dawo, ta yi mini sannu da aiki. Amma gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, ƙanwarki kuma ta koma amsa mini da kalma ɗaya-ɗaya. Ni kuwa a raina ina ganin na yi abin da uba ya kamata ya yi, gara ta ji daga bakina da ta ji daga bakin duniya. Da ta zo ta ce tana so ta je wurinki ta taya ki aikin shago kafin sakamako ya fito, na ce hakan ma ya yi, za ta sha iska ta manta. Ni na kai ta tasha, na riƙe mata jaka, har nasiha na yi mata a hanya cewa ba kowace ƙofa ce ta mutum ba. Ta ce ta gode.

Wadda aka ɗauka a madadinta babbar mace ce da ta daɗe a harkar, ta yi waƙa a wurare da yawa, kowa Anti yake ce mata. Ba ta tsoron kowa, kuma ba ni na ɗauko ta ba. Wata rana muna shiri ta ji Farfesa yana taɓa waccan waƙar, ta ce tana son ta, a yi. Na ɗauki jita. Muna kaiwa daidai wurin nan ta ɗaga hannu ta tsayar da mu. Ta ce ko dai a gyara jitar ko a cire waƙar, ita ba za ta kashe maƙogwaronta tana bin sautin da ba ya nan ba. Na kai hannu zan ɗauko na'urar in nuna mata kore, sai ta yi dariya ta ce ai tsirkiyar da ba a danna ba kawai nake tambayar na'urar, in danna inda nake kaɗa waƙar in sake tambayarta. Na danna a tsakiyar wuya. Ja. Na ƙara gangarowa, jan ya ƙaru. Na koma tsirkiya ta gaba, ita ma ja, amma wannan ta kauce sama, waccan ta kauce ƙasa, kowacce da inda ta nufa. Anti ta tambayi rabon da in sauya su, ni kaina ban sani ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Farfesa ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga, sannan ya ce shi kam ya daɗe da ji, kuma ranar gwajin ma ya ji. Injiniya ya ce duk lokacin da ya ga hannuna ya gangaro tsakiyar wuya yakan rage mini sauti a lasifika, ya daɗe yana haka. Gajere ya ce shi kuma sai ya ƙara wa ganga ƙarfi. Ashe dukansu rufa mini asiri suke yi ina tsaye a gabansu ina alfahari da hannuna. Na tambaye su, to ranar da yarinya ta tsaya a nan ita kaɗai, me ya rufe musu baki. Farfesa ya ce wallahi maganar ta zo masa har leɓe, amma na riga na ɗaga na'ura a gaban manaja na kira kowa shaida, in ya yi magana ya tsiraita ni a gaban mai ba ni aiki. Na so in yi fushi da su, fushin ya ƙi zuwa. Ni na raine su a kan cewa Maigida ba ya kuskure, suka koya da kyau.

Washegari da safe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kwance tsirkiyoyin duka. Daga sama ba ki ganin komai, sai da na juya su na bi ƙarƙashinsu da yatsa. Kin san wuyan jita akwai ƴan ƙarafuna da aka jera a gicciye, a kansu ake danna tsirkiya. To duk inda tsirkiya ke haɗuwa da ƙarfen nan ta lotsa, ta yi faɗi kamar an buga ta da guduma. A tsakanin lotsawar kuma tsatsa ce ta gumin hannuna, masu kaurin ciki duk dauɗa ta cika tsakanin naɗinsu ta yi baƙi ƙirin. Ita tsirkiya ana so kaurinta da nauyinta su zama ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, a kan haka aka auna inda aka dasa ƙarafunan. In wani wuri ya sirance wani ya yi nauyi, ƙarfen kuma ya gaji da ja, to awon ya tashi aiki. In kin taɓa ta a sake za ki iya murɗa kunne har sautin ya zauna, don gaba ɗayanta ke rawa. Amma da kin danna ta a tsakiya, rabi ne kawai ke rawa, rabin kuwa ba rabin gaskiya ba ne. Kamar tef ɗin awonki ne a ce ya miƙe a wani wuri ya tsuke a wani, tsawonsa gaba ɗaya daidai, amma ki auna kafaɗa da shi ki ga rigar da za ta fito. Kuma ba rana ɗaya abin ke faruwa ba, kaɗan-kaɗan yake tafiya, kunnen mai kaɗawa yana biye da shi har karkataccen ya zame masa daidai. Duk wannan na san shi, Yaya, na sha koya wa wasu. Sabbin tsirkiyoyi kuwa suna nan cikin aljihun jakar jitar, takardarsu har ta yi ja don daɗewa.

Na ɗaura sababbin, na ja su suka zauna, na kaɗa waƙar ni kaɗai. Da na kai wurin nan sai sautin ya fito tas, a daidai inda yarinyar nan ta ajiye muryarta tun karon farko. Ƙanwarki tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Ta gani a fuskata. Can ta ce ita ba ta san kiɗa ba, amma ta san abin da ta gani bayan gwajin nan. Ta ce ɗiyarta ta riƙa kulle kanta a ɗaki tana kunna kiɗan Farfesa tana bi ƙasa-ƙasa, tana neman inda ta kauce ba ta samu ba. Daga baya ta fito ta ce wa uwarta wataƙila haka rashin kunne yake, mai shi ba ya jin kuskurensa, tunda Baba ya faɗa ai ya fi ta sani. Daga ranar ba ta ƙara rera komai ba.

Injiniya yana da al'adar ɗaukar duk abin da aka yi a dandamali, har gwaji. Na roƙe shi ya nemo mini na ranar. Ya ce ko in bari, na ce ya kunna. Ya sa mini abin saurare a kunne, ya cire sautin jitata ya bar muryarta ita kaɗai, Farfesa yana taɓa fiyano a hankali don mu gwada. Karon farko muryarta tana kan layi kamar an ja da zare. Na biyu ma haka. A na ƙarshe, bayan na daka mata tsawa, na ji da kunnena yadda ta sauko daga inda take daidai, a hankali, ta zo ta same ni a inda na kauce, ta tsaya tare da ni. Mai rashin kunne ba ya iya wannan, Yaya, ko Anti ta ce ba kowa ke iyawa ba. Sannan muryata ta shigo, da duk abin da na faɗa, a fili, har da ƙarar makullan manaja. Ban taɓa jin muryata daga waje tana magana da ɗiyata ba. Na cire abin daga kunnena na fita bayan otal inda ake ajiye kwalabe, na daɗe a tsaye.

Na je na sami manaja a ofishinsa na gaya masa komai, na ce laifin jitata ne da ni, yarinyar ba ta yi kuskure ba. Ya saurare ni da kirki, amma na lura sai da ya yi tunani kafin ya tuna da ita. Ya ce aiki an riga an ba wa Anti, ba zai kore ta ba, ni ma ban nemi haka ba. Ya ce abin ya wuce, kada in sa a raina. A wurinsa ya wuce. Na tara abokan aikina har da masu dafa abinci da suka leƙo ranar, na faɗa musu a tsaye a inda na faɗi waccan maganar. Babban mai dafa abinci ya ce su dama sun ji daɗin waƙarta, su ba su san me ya tayar mini da hankali ba.

Sai na kira takwararki a waya, kina shago lokacin. Ta ɗauka ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi jikin Baffa, ta tambayi rufin ɗaki. Na fara yi mata bayanin tsirkiya, ina ta kewaye-kewaye da ƙarafuna da tsatsa kamar mai koyar da darasi, ina gudun maganar da ya kamata in faɗa. Ta bari na gama ta ce ba komai Baba, ita ta ma manta. Ta ce akwai wani kantin magani kusa da ku da ke neman mai taimako, tana tunanin ta gwada. Da ta yi mini faɗa ko ta kashe wayar da na fi samun sauƙi. Muka yi sallama ban ce ta yafe mini ba. Amma daga baya ta kira uwarta, suna cikin wata hira sai ta tambaya ko Baba duka shidan ya sauya, ko kuwa ya yi halin nasa ya sauya ɗaya ya bar sauran. Ƙanwarki ta ce har ta ɗan ji alamar dariya a muryarta. Wannan ɗan abin nake riƙe da shi.

Ga abin da nake roƙo a wurinki. Na nemi hutu, in Allah ya yarda ƙarshen watan nan zan zo da kaina, in kin ba ni izinin shiga gidanki bayan kin karanta wannan. Ba zuwa zan yi in ɗauko ta ba, in ta zaɓi kantin magani ko zama wurinki ba ni da bakin magana. Zuwa zan yi in faɗi abin da na kasa faɗa a waya, ido da ido, ke da Malam kuna zaune, tunda a gaban mutane na yi ɓarnar. Kada ki gyara mini magana kafin in zo, kada ki ce mata ai uba ne a yi haƙuri, na san halinki na kare ni tun ina yaro. Kuma don Allah kada kowa ya ce ta yi waƙa. Anti ta ce tana da ƙawa mai situdiyon ɗaukar waƙa da ke neman murya irin wannan, ta nemi a tura mata abin da Injiniya ya ɗauka. Injiniya ya ce zai iya yanke maganata daga ciki ba wanda zai sani. Na ce kada ya tura, kada kuma ya yanke komai tukuna. Muryarta ce, ita za ta ce a tura ko a bari, kuma ita za ta ce a yanke ni ko a bar ni a ciki.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce masa na san zai yi mini faɗa kuma na shirya kunnena. Ki gaida Soja, in har yanzu yana tafiyar nan tasa kamar mai fareti, da ƴan biyu, da Auta, da amaryar babban ɗanki da ban samu ganinta ba tukuna. Ki gaida ƴan matan shagonki da maƙwabciyarki mai kaji da ta karɓe mu hannu biyu wancan zuwan. Inna da Baffa da Dogo da iyalinsa duk suna miƙo gaisuwa. Ƙanwarki ta ce in gaya miki ta ga abin da na rubuta, ba ta ce in cire komai ba.

Takwararki kuwa, na daɗe riƙe da biro ban san da wace gaisuwa zan gaishe ta ba. Sauran maganar zan kawo ta da bakina. Amma abu ɗaya ba zai jira ƙarshen wata ba, ki faɗa mata shi yau, ko da tana tsakiyar aiki ne. Ki ce mata ubanta ya ce kunnenta lafiya lau yake, ita ce ta ji daidai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Mai jita